Haɗin Man Anti Rabi'a

Tudun Gwandara, Lafiya
3 ga Satumba

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya sanyin Jos, ya aikin ɗakin magani? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Maigidana Salmanu yana Arikya wajen gonar doya, sai ƙarshen wata. Wayata kuwa tun watan jiya tana ƙasan rijiya, amma ba ki yi asara ba, tunda kunnuwanki ba sa ɗaukar waya. Gara takardar, Badaru direba ya kai miki har ƙofar asibiti. Ga gishirin Keana nan a leda, na san na can ba ya yi miki daɗi a miya.

Inna takan ce kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito. To yau zan ci moriyar wannan zumunci, don ba ni da mai ilimin magani sai ke.

Maganar Zulfa ce. Watanta tara yanzu. Tun tana wata uku ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da ƙarƙashin kunzugu. Maƙwabciyata Anti Rabi'a, uwar Mu'awiya mai keke, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ce mai haɗin man jarirai a unguwar nan. Tub uku na man shafawa irin na kemis take matsewa cikin man kaɗanya, ta juya da cokali, ta ɗura a 'yan robobi. Kwana uku ina shafawa ƙurajen suka ɓace. Ta ce in ci gaba safe da yamma, jiki duka, in na bari za su dawo. Yaya, da kin ga yarinyar nan! Ta yi fari, kumatu kamar fanke, in na je suna hannu da hannu ake karɓarta. Mata bakwai na tura wajen Anti saboda Zulfa. Jikanta ma Mahir, ɗan Mu'awiya da matarsa Zuhra, tun ranar suna shi ake shafa masa, yau watansa biyar.

Sai dai kwanan nan wasu zagaye-zagaye kamar makero sun fito wa Zulfa a baya da cinya, kullum faɗi suke ƙarawa. Ga wani jan layi kamar nankarwa, ga gashi a goshi. Ni dai zargina Anti ta fara yi mini algus, tana cika man kaɗanya tana rage tub. Na tsinto kwalayen tub ɗin a bolarta, ga su nan cikin ambulan. Ki samo mini na ainihi mai ƙarfi a nan Jos in haɗa da kaina. In kuwa ha'intata take yi, za ta san Batulu ta taɓa.

Ƙanwarki,
Batulu

*

Jos
5 ga Satumba

Batulu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gishiri ya iso, na gode. Ki gaida Salmanu in ya dawo. Na duba kwalayen nan uku, na ajiye tuwon da nake ci. Ki zauna ki karanta a natse.

Ba zan aiko miki da komai ba, kuma ba algus ta yi miki ba. Kowane tub ɗin nan magani uku ne a cikinsa. Akwai na kashe makero da danginsa. Akwai antibayotik, na ciwon da ya yi ruwa ya tara mugunya. Akwai kuma sitiroyid, mai kwantar da ƙaiƙayi da ja. Kowannensu yana da ranarsa, amma likita ne yake duba fata ya zaɓi wanda ya dace, ya yanka kwanakin da za a shafa. Antibayotik ba tare da ciwo ba, ƙwayoyin cuta kawai yake koya wa taurin kai, ranar da ake buƙatarsa ya ƙi aiki. Sitiroyid ɗin da ke cikin waɗannan kuwa mai ƙarfin gaske ne, ko babba 'yan kwanaki ake ba shi, kuma ba a fuska ba. Fatar jariri shan magani take yi, balle a ƙarƙashin kunzugu, daga nan ya wuce cikin jini.

Zagayen da kika gani makero ne. Man ya ɗaure wa fatarta hannu, shi ya sa yake yaɗuwa. Farin da ta yi, fata ce ta yi siriri. Kumatun nan da ake karɓa hannu da hannu ba ƙibar lafiya ba ce, Batulu, kumburin magani ne. Ina tsoron ya taɓa girmanta ma. Juya bayan takardar.

Wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Kada ki tsayar da man rana ɗaya. Jiki yana yin irin wannan sinadari da kansa, a wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda, da shi yake jure zazzaɓi da wahala. Wata shida ana ba ta daga waje, nata sun kwanta barci. In aka yanke lokaci guda za ta iya faɗuwa: amai, ƙin nono, jiki ya saki, har a rasa ta. Gobe da safe ki kai ta wajen likitan yara da kwalayen, na mayar miki da su. Shi zai san yadda zai janye shi a hankali. Ki gaya wa Zuhra ita ma.

Yayarki,
Zuwairatu

*

Lafiya
8 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita, ta zuciya ce babu.

Shekaranjiya takardarki ta iso. Ina kaiwa inda kika ce kumburin magani ne, na miƙe tsaye. Robobi uku gare ni, duka na juye su a masai, na wanke Zulfa da sabulu har sau biyu. Ko ɗigo ba zai sake taɓa jikinta ba, ki kwantar da hankalinki.

Daga nan na yafa mayafi na shiga gidan Rabi'a. Ba zan sake ce mata Anti ba. Na same ta a tabarma da kwanon haɗinta, mata biyu suna jira. Na ce, "Guba kike sayar mana, ke ce kika kumbura mini 'ya." Ko cokalin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Shekara goma sha biyu ina haɗin nan, ni ma shi nake shafawa, ga jikana nan shi ake shafa masa. Kurmar 'yar'uwarki da ke Jos ce za ta koya mini sana'a?" Matan suka yi dariya. Ki yi haƙuri da na rubuta miki kalmar, so nake ki san irin matar da muke magana a kanta.

Wallahi Yaya ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani matar nan ba. Wata shida ina shafa wa 'yata cuta da hannuna, ina yi mata waƙa, ina kai wa Rabi'a ɗanwake don godiya. In na tuna sai in ji kamar in fasa katangar nan da kaina. Ba zan kai ta wajen mai unguwa ba, haƙuri kawai za a ba ni a ce maƙwabtaka. So nake ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana, ba ragi. Ban san ta yaya ba tukuna, amma ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Zulfa tana ɗan rigima tun jiya, fatar ta yi jawur, nonon ma wasa take da shi. Na san gubar ce take fita. Asibiti sai Salmanu ya dawo.

Batulu

*

Jos
9 ga Satumba

Batulu,

Ba ni da lokacin gaisuwa. Kin juya bayan takardata kuwa? Ba guba ce take fita ba. Ki ɗauki Zulfa yanzun nan, ko me kike yi, ki kai ta babban asibiti, ki ce wata shida ana shafa mata sitiroyid kuma an tsayar ranar shida ga wata. Ki tafi da kwalayen. Na tura wa Salmanu saƙo sau huɗu, ba ya shiga, na san babu sabis a gona. Na roƙi Badaru ya sa wannan a hannunki yau. Rabi'a ba za ta gudu ba, ki bar ta tukuna.

Zuwairatu

*

Lafiya
27 ga Satumba

Yaya Zuwaira,

Ina gaisuwa. Zulfa tana da rai, na fara da wannan don na san shirun nan ya dame ki.

Takardarki ta biyu ta yi kwana tara a Akwanga. Motar Badaru ce ta lalace, ya bar ta wajen bakanike da takardar a ciki. Ranar da ya kawo ta muna gadon asibiti.

Kwana biyar da zubar da man, zazzaɓi ya kama ta, ta yi amai sau uku, sannan ta daina kuka. Ba barci ba ne. Idonta a buɗe, na ɗaga hannunta na saki ya faɗi kamar tsumma. Na fita ba takalmi na tare keke. Allah ya sa ambulan ɗinki yana cikin jakata. Wata nas, Sista Vera, ta karɓe ta tana cewa da gurguwar Hausarta, "Wannan yarinya ya yi laushi sosai, wane abu kin ba shi?" Na zazzage ambulan ɗin a tebur. Likitan ya duba kwalayen, ya ɗauki takardarki ya karanta, sai na ga ya juya ta. Yaya, sai a lokacin na san akwai rubutu a baya. Ya ce wadda ta rubuta wannan ta riga ta faɗi komai. Aka yi mata allura, aka sa ƙarin ruwa. Da la'asar ta yi kuka, ni ma na yi.

Kwana goma muka yi. Yanzu wani magani nake ba ta a baki, ana rage shi kaɗan-kaɗan, sun ce zai ɗauki watanni. Makeron kuma man makero kaɗai aka ba mu, aka ce ko ya ɓace in ci gaba har kwanakin su cika. An auna tsawonta, na 'yar wata shida ne. Layukan cinyarta likita ya ce wataƙila da su za ta girma. Rabi'a ko sannu ba ta aiko ba. Cewa take yi a unguwa wai don na daina shafa haɗinta ne yarinya ta faɗi, kin ji yadda take juya magana.

To Allah ya kawo mini ita har gida. Yau da hantsi Zuhra ta shigo a ɓoye da Mahir a baya. Ta kwance shi ta nuna mini: kumatu sun cika, gashi a goshi, zagaye biyu a ciki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ta ce, "Maman Zulfa, ke kin je asibiti, kin sani. Yaya zan yi?"

Na ce, "Ki zubar da shi yau, kada ki bari ko ɗigo ya sake taɓa shi."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ta yi ta godiya. Gaban takarda na ba ta, kamar yadda ni ma shi kaɗai na samu. Bari Rabi'a ta ɗaga hannun jikanta ta saki ta ga yadda yake faɗuwa, bari ita ma ta yi gudu ba takalmi. Na san za ki yi faɗa. Ki yi, na ji daɗin da na yi wata ban ji ba.

Batulu

*

Jos
28 ga Satumba

Batulu,

Na yi wa Allah godiya da Zulfa ta tashi. Sauran takardarki kuwa sau ɗaya na iya karanta ta.

Ba ki taɓa tambayata yadda kunnena ya tafi ba. Ina shekara goma sha ɗaya a Keana, ƙurji ya fito mini a ƙafa. Wani mai kemis ya yi mini allurar antibayotik kwana goma sha huɗu, safe da yamma, ba awo ba komai. Ƙurjin ya warke. Wata safiya na ga bakin Innata yana motsi a kaina ba na jin komai. Na tsani mutumin nan tsana mai tsanani. Don in san sunan abin da ya ɗura mini na shiga karatun magani. Ban yafe masa ba har ya mutu, don haka ba zan ce ki yafe wa Rabi'a ba. Ki tsane ta, ki tona ta a gaban matan unguwa, ki kai kwalayen wajen hukuma a hana ta haɗin nan, ni zan rubuta miki takardar.

Amma Mahir me ya haɗa? Watansa biyar. Zuhra ta tsallake surukarta ta zo wajenki don ta yarda da ke. Kuma ke kike cewa gudu ba takalmi, kamar kowa ne yake isa asibiti a kan lokaci. Zulfa ta isa. Wa ya yi miki alkawarin shi zai isa?

Abin da na rubuta a bayan takardar nan don ceton 'yarki na rubuta shi, kin ɗauka kin wasa shi kamar wuƙa. Da hannuna na ba ki, don haka in yaron nan ya mutu har da ni a ciki. Na ba Badaru wata takarda ya kai wa Zuhra. Amma ke ce katanga ɗaya da su. Ki tashi ki shiga ki faɗa mata sauran. In ba ki yi ba, kada ki sake aiko mini da gishiri.

Zuwairatu

*

Lafiya
6 ga Oktoba

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Salmanu ya dawo, Zulfa ta fara zama da kanta. Ban sa gishiri a saƙon nan ba, sai kin gama karantawa ki ce ko in aiko.

Takardar da kika aika wa Zuhra a hannun Rabi'a ta faɗa, don ita Badaru ya tarar a zaure. Da ta ji daga Jos ne, ta yayyaga ta. Tawa kuwa na karanta gaba da baya, na sa a ƙarƙashin katifa, ban tashi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, kwana uku na yi ban tashi ba.

Ke ba kya ji, Yaya, amma ni ina ji, kuma katangar nan ba ta da kauri. Tun da Zuhra ta zubar da man nake jin rigimar Mahir ina tsintar shinkafa, ina wanki. Ranar farko har daɗi na ji. Ranar Laraba bayan azahar ina ba Zulfa maganinta, na ji ya yi amai, na ji Zuhra tana cewa sannu. Ya sake yi. Daga nan na jira kukan, bai zo ba. Na san wannan shirun. Duk garin Lafiya ba wanda ya san shi kamar ni.

Ban san lokacin da na shiga gidan ba. Rabi'a tana riƙe da shi tana ɗura masa ruwan rubutu, tana cewa iska ce. Na fizge shi. Ta ce, "Ke Batulu, sakar mini jika!" Na ce in tana son sa ta biyo ni. Mu'awiya ya fita aiki da kekensa, sai na wani muka tare, ni da Rabi'a da Zuhra a baya. Ina shiga na ƙwala wa Sista Vera kira, na faɗi sunan maganin, da watannin da aka yi ana shafawa, da ranar da aka tsayar. Ko minti biyar ba a yi ba aka yi masa allurar.

Da likita ya fito ya ce saura kaɗan, sai ya tambayi Zuhra wa ya ce ta tsayar rana ɗaya. Ta dube ni. Na ce ni ce. Ya gane ni. Ya ce, "Ba ke ce na yi wa bayani a ɗakin nan ba?" Na ce ni ce. Ya ce, "To kin manta ne?" Na ce ban manta ba.

Rabi'a tana zaune a benci, ba takalmi a ƙafarta. Abin da na so in gani ke nan, kuma na gan shi. Ta ɗago ta dube ni da fuskar nan tata da man ya cinye, jijiyoyi duk a waje, ta ce, "Wallahi Batulu ni ban sani ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ita ba ta sani ba ta yi wa 'yata. Ni ina sane na yi wa jikanta.

Mahir ya tashi, jibi za a sallame su. Rabi'a ta kife kwanon haɗin, an ce ita ma an ba ta ranar ganin likitan fata. Ban yafe mata ba, in na yi wa Zulfa wanka na ga cinyarta abin yana dawo mini sabo. Zuhra ba ta amsa gaisuwata, na kai musu kunu ta ce sun ƙoshi. Ban ga laifinta ba.

Saura matan nan bakwai da na tura. Huɗu har yanzu suna da robobi a ɗaki, kuma labari ya fara yawo, ina tsoron kowacce ta ɗauki nata ta nufi masai. Gobe zan bi su gida-gida, amma bakina ba shi da daraja a unguwar nan yanzu, takardarki za su fi yarda da ita. Ki sake rubuto mini maganar nan ta kada a tsayar rana ɗaya, da manyan baƙaƙe, guda bakwai. Don Allah wannan karon ki sa ta a gaban takarda.

Ƙanwarki,
Batulu